Hoton Ƙyas da Tsararren Hoto: Yadda Ake Duba Aikin Sabon Mai Ɗaukar Hoto

Bayan wata Ƙaramar Sallah, ƙanen wani abokina wanda bai daɗe da fara sha'awar ɗaukar hoto ba ya turo mini hotuna arba'in da 'yan kai ta WhatsApp, dukkansu na Hawan Daushe ne da ya ɗauka da wayarsa a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano, ya biyo su da ɗan gajeren saƙo: "Yaya, don Allah ka duba mini, ka gaya mini gaskiya." Na daɗe ina jujjuya hotunan kafin in amsa masa, domin amsa iri biyu aka saba bai wa mai irin wannan roƙo, kuma babu wadda take ƙara masa komai. Ko dai a ce masa "Masha Allah, sun yi kyau," ya tafi yana murna, ya maimaita kurakuransa a Babbar Sallah, ko kuma a zazzage masa duk abin da aka sani a zama ɗaya, a ce hasken bai yi ba, tsarin bai yi ba, launin ya yi yawa, har gwiwarsa ta yi sanyi ya daina nuna wa kowa aikinsa. Mai yabon yana gudun ɓata zumunci ne, mai sukar kuma sau da yawa iliminsa yake son nunawa, shi kuwa yaron da ya yi tambaya an bar shi inda yake.

Abu ɗaya ne yake damun hotunan nasa, kuma shi ne yake damun aikin kusan duk mai farawa: kowane hoto yana shaida cewa mai shi ya halarci wurin, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka abin da ya gani da ya sa ya ɗaga waya. Irin wannan ne nake kira hoton ƙyas, wato wanda aka ƙyasta aka wuce ba tare da an yanke shawara a kan komai ba. Kalmar da Turawan Ingila suke kiransa da ita, wato "snapshot", daga bakin mafarauta aka aro ta, inda take nufin harbin da ake yi cikin hanzari ba a tsaya an saita ba, kuma tun a 1860 masanin taurari John Herschel ya yi amfani da ita a kan hoto. Sai dai abin bai zama ruwan dare ba sai bayan 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda ake sayarwa dala 25 da filim na hoto ɗari a cikinta, in ya ƙare a aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfanin a Rochester a wanke a dawo da ita da sabon filim. Tallar kamfanin cewa take yi kai dai ka danna, sauran aikin namu ne. A 1900 kamfanin ya fito da kyamarar Brownie a kan dala ɗaya, har yara suka iya mallaka. Wayar da ke aljihunmu yau jikar wannan alkawari ce, ita take auna haske, ita take saita tsabtar hoto, ita take gyara launi, abin da ya rage wa mutum shi ne dannawa.

Ba na raina hoton ƙyas, kuma bai kamata mai duba aikin wani ya fara da raina shi ba. Hoton tsohuwar da ta rasu, ko da ya karkace, ko da rabin fuskarta na cikin duhu, ya fi duk wani hoton da ya ci gasa daraja a wurin jikokinta. Amma darajarsa a zuciyar masu shi take, su ne suke cike masa gurbin abin da ya rasa da abin da suke tunawa. In aka miƙa shi ga baƙon da bai san ta ba, zai duba ya mayar. Tsararren hoto kuwa da ƙafarsa yake tsayawa, yana iya riƙe idon wanda bai san wurin ba, bai san mutanen ba, kuma babu mai tsaya masa a gefe yana yi masa bayani. Duk wanda ya turo hotonsa yana neman a duba masa, ya riga ya ce yana son ya ƙetare daga na farko zuwa na biyu, ko da bai san yadda zai faɗi haka ba.

Tushen matsalar shi ne ido da kyamara ba aiki ɗaya suke yi ba. Mutumin da ke tsaye a Ƙofar Kudu da la'asar yana jin algaita da kakaki da tambura, yana jin ƙarar bindigogin 'yan bindiga, ƙura tana shiga hancinsa, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa idan dawaki suka yi sukuwa. A cikin wannan hali idonsa ya sauka a kan wani mahayi mai jan rawani, sai ƙwaƙwalwarsa ta share duk sauran abin da ke wurin, ta girmama mahayin har ya cika masa duniya. Kyamara ba ta da wannan son kai. Ba ta ji kiɗan ba, ƙura ba ta shaƙe ta ba, kuma ba ta san mahayin ya fi turken lantarkin da ke bayansa muhimmanci ba, don haka sai ta kwaso su duka ta ba kowa haƙƙinsa daidai. Shi ya sa mai farawa yake mamaki idan ya koma gida ya ga abin da ya cika masa ido ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar tarkace. Wani abin kuma shi ne, idan shi ya kalli hoton, kiɗan da ƙurar suna dawo masa, sai ya ga hoton ya fi yadda yake a zahiri. Amfanin mai dubawa na farko ke nan, ya ara masa idon wanda bai je wurin ba.

Na ɗauki hoto ɗaya daga cikin nasa na zauna a kansa. Mahayi ne a kan farin doki da aka yi wa ado da jalala da dagumi, amma turken lantarki ya fito daga tsakiyar rawaninsa kamar a can ya tsiro, gefen hoton ya yanke ƙafafun dokin daidai gwiwa, ta hannun dama akwai gwiwar hannun wani ɗan kallo riƙe da waya, a ƙasa kuma ga ledar ruwa fara fat wadda ta fi komai haske a hoton, saboda haka ido can yake fara sauka. Sama ta cinye kusan rabin hoton, ba gajimare ba komai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kyamara mai tsada za ta gyara. Da ya matsa taku biyu zuwa hagu, turken zai fita daga kan mahayin. Da ya durƙusa, dokin zai yi girma, jama'ar da ke baya su ɓuya, ledar kuma ta fita. Da ya zagaya gefunan allon wayar da idonsa kafin ya danna, zai ga gwiwar hannun nan. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa da ƙafa da ido, kuma tarinsu ne ake kira tsari.

Maganar inda mutum zai tsaya ita ce na fi daɗewa a kanta idan ina duba aikin mai farawa, domin kusan duk hotunansu daga tsaye ake ɗaukarsu, daidai tsayin ido, kuma daga nesa. Nisan nan yana da dalili na fasaha, yana kuma da dalili na tarbiyya. Babban gilashin kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, kwatankwacin milimita 24 zuwa 28 a ma'aunin tsohon filim, kuma irin wannan gilashi yana ƙanƙanta abin da ke nesa fiye da yadda ido yake zato. Idan aka ja hoto da yatsu a wayar da ba ta da gilashin jawo nesa, yanke tsakiyar hoton kawai ake yi a buɗa shi, sai ya dusashe. Ana danganta wa Robert Capa, mai ɗaukar hoton yaƙi da nakiya ta kashe a 1954, cewa in hotonka bai yi kyau ba to ba ka matsa kusa ba ne. Amma a wurinmu akwai kunya a tsakani. Yaro da aka rene shi kada ya ƙura wa babba ido ba zai iya zuwa ya tsaya taku uku daga dattijo ya nuna masa waya ba, sai ya tsaya can nesa ya saci hoton, kuma hoton sata kullum yana nuna kansa. Maganin wannan yana cikin tarbiyyar ita kanta: a yi sallama, a gaisa, a faɗi abin da ake so, a karɓi "a'a" idan an ce a'a, musamman ma idan mata ne ko yaran mutane. Wanda ya nemi izini yana samun damar matsowa, yana kuma samun lokacin da zai tsara, abin da mai sata ba ya taɓa samu.

Game da abin da ke bayan mutum kuwa, babu malamin da ya kai masu hoton situdiyo na Afirka ta Yamma. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, kuma da farko zanen gadonsa yake ratayawa a bayan masu zuwa ɗaukar hoto, daga baya ya riƙa sauya yadudduka masu zane. Saboda tsadar kayan aiki, yawanci sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum, don haka sai ya gama shirya komai, yadda za a karkata kafaɗa, inda hannu zai kwanta, yadda zanen atamfar mace zai haɗu da zanen labulen baya, sannan ya ɗauka. J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda ya rasu a 2014, ya bi wata hanyar dabam: daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson mata har suka kai kimanin dubu, da yawa daga ƙeya ya ɗauke su, a gaban bango da babu komai a jikinsa, baƙi da fari, ta yadda ido ba shi da wurin zuwa sai kan kitson. Ɗaya ya cika bayan hoto da ado, ɗaya ya share shi sarai, amma babu wanda ya bar bayan hotonsa ga sa'a. Mai farawa kuwa abin da ke gabansa kawai yake kallo, sai bayan ya koma gida yake ganin bokitin wanki da igiyar shanya.

A nan ne ake yawan yin kuskuren fahimta, a ɗauka tsararren hoto shi ne wanda aka jera mutane aka ce su tsaya cik, hoton ƙyas kuma shi ne wanda aka ɗauka da sauri. Ba da agogo ake raba su ba. A 1932 Henri Cartier-Bresson, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya leƙa ta ɓular wani shingen katako a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Paris, ya ga fili da ruwa ya kwanta, da tsani a yashe a cikin ruwan. Wani mutum ya taka tsanin ya yi tsalle, shi kuma ya danna a daidai lokacin da diddigen mutumin ya rage ƙiris ya taɓa ruwa, siffarsa tana kife a ƙarƙashinsa cikin ruwan da bai motsa ba tukuna, can baya kuma a jikin bango ga takardar talla mai hoton wani mai rawa yana tsalle. Dannawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ya riga ya ga fagen, ya zaɓi wurin tsayawa, ya jira abin da zai shigo ya cike shi. Da ya makara da ɗan kaɗan, ƙafar ta fasa ruwan, siffar da ke ƙasa ta watse, hoton ya zama na mutum da ya jiƙa takalmi. Wani abin lura shi ne, shi da aka san shi da ƙin yanke hotunansa bayan ɗauka, wannan hoton sai da ya yanke gefensa na hagu saboda katakon shingen ya tare gilashin. Ina faɗa wa masu farawa wannan don su san ko manya ba daga sama hotunansu suke faɗowa a kammale ba.

Haka ya faru da Ansel Adams a 1941 a jihar New Mexico ta Amurka, yana tuƙi da yamma ya hangi wata ya fito a kan ƙauyen Hernandez, ragowar hasken rana yana haska fararen alamomin maƙabarta. Ya tsaya a gurguje ya kafa babbar kyamararsa, ya nemi na'urar auna haske bai gan ta ba, sai ya yi lissafi da ka daga abin da ya sani na ƙarfin hasken wata, ya ɗauki hoto ɗaya. Kafin ya shirya na biyu rana ta janye daga maƙabartar. An yi shi cikin gaggawa fiye da yawancin hotunan wayarmu, amma shekarun da ya yi yana horar da idonsa ne suka yanke masa shawarwarin cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Misalin da na fi so in nuna wa mai koyo shi ne na Dorothea Lange, domin a nan ana iya ganin yadda hoton ƙyas yake rikiɗewa ya zama tsararre mataki bayan mataki. A watan Maris na 1936, lokacin matsin tattalin arziki a Amurka, tana yi wa wata hukumar gwamnati aikin ɗaukar hotunan halin da talakawan karkara ke ciki, ta shiga sansanin 'yan ci-rani masu tsinkar wake a Nipomo ta jihar Kalifoniya, ta tarar da wata uwa mai shekara 32 zaune da 'ya'yanta a ƙarƙashin ɗan tanti. Hotunan da ta ɗauka ba su kai goma ba, cikin 'yan mintoci, kuma an adana su, kowa yana iya gani. A waɗanda ta ɗauka daga nesa ana ganin tantin, da akwati, da filin da ke kewaye, da yara a warwatse. Bayani ne cikakke a kan talauci, amma ido yana yawo bai san inda zai tsaya ba. Sai ta riƙa matsowa, tana zubar da abu ɗaya bayan ɗaya daga cikin hoton, har ta kai ga wanda duniya ta sani: fuskar uwar da hannunta a haɓa, idonta yana kallon wani wuri can bayan kyamara, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya baya, jariri kwance a cinyarta. Tanti ya fita, akwati ya fita, hatta fuskokin yaran biyu sun fita, kuma juya bayan da suka yi ne ya sa babu abin da yake gasa da fuskar uwar. Mutum ɗaya ce, kyamara ɗaya, haske ɗaya, rana ɗaya. Abin da ya raba hoton farko da na ƙarshe shi ne ba ta tafi bayan ta danna sau ɗaya ba. Yawancin masu farawa a matakin farko na Lange suke tsayawa, su ɗauki hoto ɗaya daga nesa su nemi wani abin, kuma ko a hotuna arba'in ɗin da aka turo mini babu abu ɗaya da aka ɗauka sau uku daga wurare dabam-dabam.

Sai haske, wanda a ƙasarmu yake da tarkonsa na musamman. Na'urar auna haske ta kyamara an gina ta ne a kan ta mayar da matsakaicin abin da ta gani launin toka, saboda haka idan farar shadda ko farar babbar riga ta cika hoto, sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, rigar ta yi fari-fari mai datti, fuskar mai rigar kuma, wadda dama baƙa ce kuma rawani ko hula ta yi mata inuwa, ta nutse cikin duhu. Wayoyin zamani suna ƙoƙarin daidaita wannan da kansu, amma ba kullum suke dacewa ba, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a taɓa fuskar a kan allo a ɗan ɗaga hasken da yatsa, ko a janye mutum zuwa inuwar zaure ko ta bishiya inda haske yake zuwa daga gefe ɗaya a tausashe. Ranar tsaka ita ce mafi muni ga fuska, tana zuba inuwa a cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, alhali hantsi na farko da bayan la'asar suna kwanto da haske ta gefe su fito da saƙar tufafi da zanen bangon ƙasa. Hazon hunturu ma, wanda mutane suke ganin yana ɓata hoto, yana tace rana kamar labule, yana kuma raba abin da ke kusa da abin da ke nesa hawa-hawa. Game da dokin da ke sukuwa, wanda yake da kyamarar da ake saitawa da hannu yana buƙatar saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko sama da haka in yana son ya tsayar da shi cak, in kuwa gudun yake son nunawa, sai ya sauko wajen kashi ɗaya cikin 30 ya riƙa bin dokin da kyamara yana dannawa, baya ya shafe, mahayin ya fito. Kowanne daidai ne, muddin da niyya aka yi shi.

Akwai ƙa'idar da masu duba hoto suke son jefa wa mai farawa tun kafin su kalli aikinsa da kyau, wato a raba hoto gida uku a tsaye da uku a kwance, a ɗora abin da ake nufi a kan mahaɗar layukan. Tsohuwar shawara ce daga masu zane, wani Bature mai suna John Thomas Smith ya rubuta ta a 1797 kafin ma a ƙirƙiro hoton kyamara, kuma yawancin wayoyi suna iya nuna layukan a kan allo. Tana da amfani a matsayin magani ga mai ajiye komai a tsakiya ba tare da tunani ba. Amma na sha ganin an rushe hoto mai kyau da ita, a ce wai mutum yana tsakiya don haka an karya doka, alhali hotunan Keïta da na Ojeikere da dama a tsakiya suka ajiye mutanensu, kuma ƙofar gidan sarki ko fuskar masallaci da aka gina bisa daidaiton dama da hagu sau da yawa tsakiyar ce take karɓarta. Wanda ya haddace ƙa'idar ya riƙa bin ta ido rufe bai bar hoton ƙyas ba, ya dai sauya wurin da yake ajiye abu ba da tunani ba.

Saboda duk wannan, idan zan duba aikin mai farawa, tambaya nake fara yi kafin hukunci: me ka gani a nan da ya tsayar da kai? Amsarsa ita ce ma'aunin da zan auna hoton da shi. In ya ce kwalliyar dokin ce, to sai mu duba ko kwalliyar ta fito, mu ga cewa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hoton ba. In ya ce yawan jama'a ne, to matsowa ba shi ne maganinsa ba, hawa wuri mai tudu ne. In kuwa ya yi shiru ya ce shi dai ya ga abin ya yi kyau ne, to an gano ciwon, kuma shi da kansa ya gano shi. Bayan tambaya sai in gaya masa tafiyar da idona ya yi a cikin hoton, inda ya fara sauka, inda ya koma, inda ya fice. Wannan bayani ne da ba a musu a kansa kuma ba ya cin fuska, domin ban ce hotonsa ba shi da kyau ba, na ce idona ya fara zuwa kan ledar ruwa, shi ma in ya sake kallo can nasa zai je.

Ya kamata kuma mai dubawa ya iya raba kuskure da bambancin ra'ayi. Layin ƙasa da ya karkace ba da niyya ba, ko saitin tsabta da ya sauka a kan bango ya bar fuska a dusashe, kuskure ne, a faɗe shi kai tsaye. Amma son launi mai ƙarfi ko mai sanyi, son baƙi da fari, son hoto mai cunkoso ko mai sarari, wannan zaɓin mai hoto ne, kuma in zan yi magana a kai sai in ce ga yadda ni zan yi, kada in mayar da shi doka. Malamin da bai kiyaye wannan ba yana ƙarewa da ɗalibai goma masu ɗaukar hoto irin nasa. Sannan ba a lissafa kurakurai bakwai a zama ɗaya, a zaɓi wanda in an gyara shi sauran za su ragu, a bar mutum ya tafi da aiki ɗaya da zai iya yi gobe. Yabo ma sai an nuna masa wurinsa, domin "ya yi kyau" ba ya koyar da komai, amma "jiran da ka yi har dokin ya ɗaga ƙafar gaba shi ne ya ba hoton nan rai" yana gaya masa abin da zai sake yi.

Abubuwa biyu ne masu farawa suke fakewa da su, kuma dole mai dubawa ya rufe ƙofofin cikin ladabi. Na farko kayan aiki, "ai da ina da babbar kyamara." Gaskiya ne akwai abin da waya ba za ta iya ba, kamar jawo mahayi daga nesa ko ɗaukar gudu da magariba, amma turke a kan rawani zai fito a kowace kyamara, sai ma ya fi fitowa tas a mai tsada. Na biyu manhajojin gyara hoto, inda ake ƙara launi har sama ta koma shuɗin bula, a goge fata har fuska ta zama kamar ta roba. Gyara yana iya ɗaga hoton da ƙashinsa yake tsaye, amma ba ya sauya wurin da mutum ya tsaya ko lokacin da ya danna.

Amsar da na mayar wa yaron ba ta da tsawo. Na ce masa, "Ƙanena, a cikin arba'in ɗin nan ka zaɓo uku da kanka, ka gaya mini dalilin kowanne." Zaɓen nan shi kansa rabin karatun ne, domin wanda bai iya jefar da hotonsa ba bai fara ganinsa da idon baƙo ba. Cikin ukun da ya zaɓo akwai ɗaya da ban lura da shi sosai ba da farko: wani ƙaramin yaro cikin 'yan rakiya, rawani ya yi masa girma yana saukowa kan idonsa, ya ɗaga hannu ɗaya yana turawa sama, ɗayan hannun yana riƙe da linzami. Ya ce shi wannan ya tsaya ya jira, don ya ga rawanin yana ta zamewa, ya san yaron zai sake tura shi. Na gaya masa cewa wannan ne kaɗai tsararren hoto a cikin duka, na kuma nuna masa cewa abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya san abin da yake jira. Sannan na ba shi aiki ɗaya: ya tafi wuri guda, ya zaɓi abu guda, kada ya bar shi sai ya ɗauke shi daga wurare goma.

Marinar Ƙofar Mata ya zaɓa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ya yi sallama ya nemi izinin wani dattijo mai rini, ya zauna da shi tun hantsi. Hotunansa na farko irin na da ne, ga ramuka birjik, ga katanga, ga mutane suna wucewa. Wajen na bakwai ya durƙusa a bakin ramin, ya cika hoton da hannuwan dattijon suna fito da yadi daga ruwan baba, da'irar bakin ramin ta kewaye su, kumfa tana gefe, kuma ya kama yadin a lokacin da yake da sauran kore kafin iska ta juya shi shuɗi. Da ya turo, na tambaye shi abin da shi yake gani ya rage, sai ya ce, "Yaya, gefen takalmina ya shigo ta ƙasa, kuma na yanke wa Baba gwiwar hannu." Duka biyun gaskiya ne, kuma ni ban riga na ambata su ba. Na ƙara masa da cewa rana ta riga ta ɗaga har ta ƙona farin yadin da ke shanye a kusurwar dama, don haka ya koma wata ranar da sassafe, ya tafi wa dattijon da kwafin hoton a wanke a takarda.